Jijiyar da aka danne da wadda aka datse: jira ko ɗinki?

A wani ƙauye kusa da Ringim, mutum biyu hannu ya mutu musu a shekara guda. Ɗaya ya faɗo daga babur, ƙashin dantse ya karye ya danne jijiyar da ke ɗaga hannu. Ɗayan lauje ne ya datse masa jijiya a wuyan hannu wajen yankan shinkafa. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ce a yi haƙuri, jijiyar za ta dawo. Na farkon kaɗai wannan magana ta dace da shi.

In dannar ta yi tsanani, farkon abin iri ɗaya ne. Zaren jijiya daga wurin raunin zuwa yatsu ruɓewa yake yi, kamar yadda masanin Birtaniya Augustus Waller ya bayyana a 1850. Ƙwayoyin Schwann da ke naɗe zaren, tare da ƙwayoyin garkuwar jiki, su ke kwashe tarkacen. Sannan na Schwann su jeru cikin kuben jijiyar, sabon zare ya bi su, kusan milimita 1 a rana.

Wadda aka danne, kubenta yana nan, sai zare ya bi tsohuwar hanya. Jira ne da motsa gaɓoɓi.

Wadda aka datse kuwa, bakuna biyu sun rabu. Zaren ya rasa inda zai bi, ya cure ya zama ƙulli mai zogi. Dole likita ya ɗinke, in tazarar ta yi yawa ya yanko wata daga ƙwauri ya yi gada. Ga shi tsoka ba ta jira: bayan wata 12 zuwa 18 ba saƙo daga jijiya, da wuya ta farfaɗo. Ni dai a ganina, mai saran lauje, Asibitin Ƙashi na Dala zan ce a kai shi tun rauni na ɗanye.