Rumfar Abinci a Hanyar Haɗejia

A hanyarmu ta dawowa daga Baturiya, inda muka kai Kaka da Baba Tsoho kallon tsuntsaye, mun yada zango a wata rumfar abinci kusa da Haɗejia. Mai abincin ta shimfiɗa wa tsofaffin tabarma a inuwar darbejiya, ta kawo ruwan randa tun kafin a tambaya. Farfesun tarwaɗarta ya ji citta da masoro, kuma da kanta ta zare wa Kaka ƙayar kifin tana cewa, "Hajiya, a ci a hankali." Tuwon dawar ya yi laushi daidai da mai raunin haƙori, sai dai gishiri ya so ya yi yawa a miyar kukar. Baba Tsoho bai tashi ba sai da aka ƙunshe masa busasshen kifi na tsaraba.