Labaran shugabannin Amurka a memori: abin da na ji, da abin da ya rage a gyara

A cikin shagunan da ake tura fina-finai da wa'azi a waya nan Tudun Wada, Gusau, akwai wani da ya fito da sabon abu. Yaron shagon ya karanta tarihi a kwalejin ilimi, sai ya zauna ya naɗi muryarsa da Hausa yana ba da labaran shugabannin Amurka, kashi-kashi, kowanne bai wuce minti goma ba. Ka kai memori ko wayarka ya tura maka, kuɗin kuma bai taka kara ya karya ba. Ni tela ne, hannu da ido na kan keke, kunne ne kaɗai ke zaune ba aiki, shi ya sa na karɓa.

Kashin Jimmy Carter ne ya fi kama ni. Wai mutumin da ya mulki Amurka daga 1977 zuwa 1981 ya yi tallar dafaffiyar gyaɗa yana yaro a garin Plains na jihar Jojiya, kuma gidan da ya tashi babu lantarki babu famfo sai daga baya. Duk wanda iyayensa suka ba shi labarin lokacin da jirgin ƙasa ke kwasar gyaɗa daga Ƙauran Namoda da Gusau zai ji wannan a jikinsa. Yaron ya kawo zuwan Carter Legas a 1978 zamanin Janar Obasanjo, sannan ya tsaya sosai kan yaƙin da Carter ya yi da kurkunu bayan ya sauka daga mulki, inda Janar Gowon ya riƙe masa aikin a Najeriya. A 1986 an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ne ke fama da cutar a duniya, a 2013 kuma aka tabbatar Najeriya ta rabu da ita. Na ga kurkunu da idona a ƙauyenmu, na ga magidanci ya kasa fita gona damina sukutum saboda ƙafa. Da na ji Carter ya rasu a ƙarshen 2024 yana da shekara 100, sai da na dakata da ɗinkin.

Na Thomas Jefferson ma ya yi kyau. A watan Disambar 1805 jakadan Tunis ya je Washinton ana cikin azumi, sai Jefferson ya ɗage liyafar da aka saba yi da rana zuwa faɗuwar rana domin baƙon ya ci tare da su. Ashe tun yana ɗalibin shari'a a 1765 Jefferson ya sayi fassarar Alƙur'ani ta Ingilishi.

Yarana na shago kuwa Theodore Roosevelt suke so a maimaita. A 1912 yana kamfe a Milwaukee wani ya harbe shi a ƙirji, takardun jawabinsa da ya ninke a aljihu da gidan tabarau suka rage wa harsashin ƙarfi. Ya ƙi zuwa asibiti sai da ya yi jawabi fiye da awa ɗaya rigarsa na jini, harsashin kuma ya zauna a jikinsa har ya rasu a 1919. Sai Abraham Lincoln da ya yi suna a kokawa lokacin ƙuruciya, da William Henry Harrison da ya yi jawabin rantsuwa kusan awa biyu a 1841 ya rasu bayan wata ɗaya, da ƙaramar dorinar da aka kai wa Calvin Coolidge kyauta daga Laberiya. Waɗannan a gurguje aka ba da su, kuma ya isa.

To, akwai gyara. Sautin wasu kashin bai fita ba, ana jin janareton maƙwabta a baya, fayilolin kuma lamba kawai aka sa musu, sai ka buɗe kafin ka san na wane ne. Wannan ƙarami ne. Babban shi ne ya ce George Washington haƙoran katako yake sawa, alhali ba haka ba ne. Haƙoran da aka ƙera masa an haɗa su da haure da ƙarfe da haƙoran mutane, kuma littafin kuɗin gidansa na 1784 ya nuna an biya bayinsa kuɗin haƙora tara. Nan ne raina ya ɓaci, domin duk cikin memorin ba a ambaci bauta ba ko sau ɗaya. Jefferson ɗin da aka yaba da karrama mai azumi ya mallaki bayi fiye da 600 a rayuwarsa, baƙaƙen fata irinmu. Wanda zai ba Bahaushe tarihin waɗannan mutane bai kamata ya tsallake wannan ba.

Na koma shagon na ce wa yaron, "Ƙanena, aikinka ya yi kyau, amma ka ɓoye mana rabin magana." Ya ce, "Yaya, na ji tsoron kada ya yi tsawo mutane su gaji." Na ce masa wanda ya saurari dorina ba zai gaji da labarin kakanninsa ba. Ya yi alkawarin sake naɗar na Washington da ƙara kashi kan bayin.

Direbobi da teloli da masu tsaron shago, ku saya, zai ɗebe muku kewa kuma za ku ƙaru. Malamin makaranta da zai kunna wa ɗalibai kuwa ya jira gyararren, ko ya tsallake kashin Washington.