Kafin Ƙaramar Hukuma Ta Sayi Kayan Kwashe Shara

Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ɗora kwashe shara a wuyan ƙananan hukumomi, kuma da kuɗi ya samu sai ido ya tafi kan babbar motar nan mai matse shara. A garin karkara wannan kuskure ne mai tsada. Sharar ƙauye cike take da toka da ƙasa da kashin dabbobi, abubuwan da ba sa matsuwa. Yashi na cinye sassan haidirolik, gyaransa sai an kira makaniki daga birni, ga lunguna da motar ba za ta shiga ba.

Abin da za a fara saya sikeli ne. A kwashi sharar gidaje kamar 30 har mako guda, a baje a kan tamfol, a ware mai ruɓewa, roba, leda, ƙarfe da ƙasa, a auna kowanne. Wannan lissafi shi zai faɗa muku me ya dace.

Wajen jigila, kura da amalanke su ne mafi sauƙin kuɗi, mai walda na gari zai gyara su, sai dai ba sa nisa. Keke mai ƙafa uku na ɗaukar kaya ya fi dacewa idan nisan filin tara sharar ya wuce kilomita 2. A duba ƙarfin sifirin da kaurin ƙarfen bodi, domin jiƙaƙƙiyar toka na ruɓar da ƙasan bodi da sauri. Tifa kuwa haya ta fi saye, tunda ba kullum za a buƙace ta ba.

Taki shi ne inda riba take, kuma ba ya son inji. Manoman kewayen Kano sun daɗe suna sayen juji don gonakinsu. Kukansu kawai leda da fasassun kwalabe da allurai. Ana buƙatar rumfa, ruwa a kusa, manyan cokulan ƙarfe masu yatsu na juya taki da rariyar waya. A jera tsibi mai tsayin mita 1 zuwa 1.5, busasshen kara da ganye kashi biyu, kashin dabbobi da ɗanyen abu kashi ɗaya, a riƙa juyawa duk mako. A damƙi takin a hannu: ya dunƙule amma kada ruwa ya tsiyayo. Wari alamar ruwa ya yi yawa ne, rashin zafi kuma alamar ƙishi. Cikin wata 2 zuwa 3 ya nuna.

Roba kuma, zaɓi biyu ne: injin matsewa ko injin niƙa. Gorar ruwa iska ce cike da ita, mota za ta cika kafin nauyin ya biya kuɗin mai, don haka injin matsewa ya fi amfani. Injin niƙa na ƙara daraja, amma yana son wuta layi uku ko babban janareto, wuƙaƙensa na son wasawa a kai a kai, kuma idan robar PVC (irin ta bututun ruwa) ta shiga cikin PET, wato robar gorar ruwa mai lamba 1 a jikinta, masu saye za su ƙi kayan duka. Kada a sayi ko ɗaya sai an sami dillali ya faɗi nau'in da yake karɓa da mafi ƙarancin nauyi.

Ƙarfe da alminiyom a bar wa 'yan gwangwan, sun riga kowa sanin kasuwarsu. A ba su wurin zama a filin tarawa, da safar hannu da takalman roba.