Saba a cikin asibiti ko ajiyar intanet: inda ya fi a adana hotunan majinyata

Dakta, barka da ƙoƙari. Kan tambayarka, tsakanin ajiye hotunan majinyata a saba, wato kwamfutar ajiya da ke cikin asibitinka, da biyan kamfani ya riƙe maka su a intanet, abin da suke kira kilawud, na ɗanɗana duka biyun a ɗan wurin ɗaukar hoton da nake gudanarwa. Saba zan ce ka saya.

Tawa ba wata shirgegiyar na'ura ba ce. Kwamfutar tebur ce ta hannu, na sa mata rumbun ajiya guda biyu masu terabait 4 kowanne, na jona ta da inbata. Manhajar da ke kanta Orthanc ce, kyauta ake sauke ta, wani masani mai suna Sébastien Jodogne ne ya rubuta ta a asibitin jami'ar Liège da ke Beljiyam, aka fara fitar da ita a 2012. Na'urar eksire da ta sikanin duk waya ce ta haɗa su da ita. Da an ɗauki hoto ya sauka, likita ya buɗe a ofishinsa tun majinyaci bai gama ɗaura maɓallin riga ba. Ba ruwanka da data, ba ruwanka da sabis.

Akwai wani dattijo manomi da muka ɗauki hoton ƙirjinsa, bayan shekara biyu ya dawo da tari. Ya zo da tsohon fim ɗinsa naɗe a leda, amma yayyon damina ya riga ya ci shi, ya manne da takardar, ba abin da ake gani sai dabbare-dabbare. Sabon hoton ya nuna wata inuwa a saman huhun dama, likita ya yi shiru yana kallo, domin idan sabuwa ce sai an tura shi hoton CT, wanda ke ɗaukar cikin jiki yanka-yanka, kuɗin da sai ya sayar da akuya ko biyu. Na buga lambar katinsa, tsohon hoton ya fito tar kamar yau aka ɗauka. Muka jera su gefe da gefe, likita ya auna, inuwar tana nan yadda take, ko kaɗan ba ta ƙaru ba. Tabon tarin fukan da ya yi jinya a baya ne. Aka duba majinarsa, aka ba shi magani, ya tafi yana ta sa mana albarka har bakin ƙofa. Tun ranar nake kallon kwamfutar nan da daraja.

Abin da ya sa aunawar ta yiwu shi ne an ajiye hoton a tsarinsa na asali, wato DICOM, tsarin da na'urorin asibiti ke amfani da shi tun 1993. Shi wannan fayil ɗin yana ɗauke da sunan majinyaci da lambarsa da ranar ɗauka da ma'auni, kuma yana iya riƙe matakan haske da duhu 4,096 ko fiye, alhali hoton waya na yau da kullum 256 yake riƙewa. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga an ɗauki allon kwamfuta da waya an tura wa likita ta WhatsApp. Siririn tsagewar ƙashi a nan yake ɓacewa.

Kilawud kuwa, ba zan hana shi haƙƙinsa ba: idan gobara ta tashi ko ɓarayi suka shigo, hotunanka na nan, kuma likitan da ke wani gari zai karanta maka cikin sauƙi. Iyakarsa ke nan a wurina. Na taɓa biyan wani kamfani, da dala ake lissafin kuɗin wata. Na shiga dala tana wajen naira 460, kafin farkon 2024 ta haura 1,500, ni kuma ban isa in ninka wa majinyata kuɗin hoto uku ba. Ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, mutane na zaune a benci, hotunansu sun ƙi buɗuwa. Ka kuma tuna yadda aka rufe layukan sadarwa a Zamfara a watan Satumba na 2021, makonni ba sabis. Ga nauyi: yanka ɗaya na hoton CT rabin megabait ne, mutum ɗaya kuma yakan tashi da yanka ɗari uku ko fiye. Ranar da na ce zan bar su, sai da na biya wani kuɗin kafin suka ba ni hotunan majinyatana.

Sai dai saba tana son kulawa, kada in ɓoye maka. Rumbu biyu a cikin kwamfuta ɗaya ba su cece ka daga tsawa ko sata ba. Ni duk Juma'a nakan kwafe komai a rumbu na uku mai mabuɗin sirri, in kai shi wani ginin daban in kulle. Kada ka bari ma'aikata su riƙa soka mata fulash ko cajin waya, ta irin wannan ƙofa manhajojin ɓarna ke shiga, kuma ka san yadda masu garkuwa da bayanai suka tsayar da aiki a asibitocin Ingila a 2017. Kowane ma'aikaci da nasa mabuɗin. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar tsaro na musamman, kuma tun kafin doka, sirrin majinyaci amana ce a wuyanmu. Hoton cikin matar mutum ba abin yawo a waya ba ne.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da dillalai. Wasu Orthanc ɗin nan ta kyauta suke sauya wa suna da launi, su ce tasu ce, su yanka maka kuɗin lasisi duk shekara. Biyan mutum ladan haɗawa da koyarwa daidai ne, wannan kuwa cuta ce. Wasu za su sayar maka da na'urar sikanin ta hannu, sai an kawo ka tarar sashen DICOM ɗinta a kulle yake, buɗewa kuma wani ciniki ne sabo. Akwai masu kawo tsohon rumbu da ya sha aiki a kwali mai ƙyalli, akwai masu ajiye hotuna a wani tsari nasu da ba ya buɗuwa sai da manhajarsu, don ka zama nasu har abada.

Saboda haka ka riƙe cikon kuɗinka. A gabanka za a ɗauki hoto, ya tashi daga na'ura ya sauka a saba, ka buɗe shi a wata kwamfutar, ka ga suna da kwanan wata, ka auna da kanka. Sannan a zare wayar intanet a sake gwadawa. A kwafe hoton a faifai ka kai wani asibitin, idan ya buɗu a can, sai ka biya. Babban mabuɗin sirri mai iko da komai na saba kuma a hannunka zai zauna, a rubuta haka cikin takardar ciniki.