Hattara da masu cajar mota na bakin danja da abokan cin mushensu

Jama'a masu mota da 'yan adaidaita, don Allah ku kula da wani salon damfara da ake yi da cajar mota ɗin nan ta ramin laita. Yaro zai zo maka a gosulo da kwali mai ƙyalli an rubuta 3.1A ko QC 3.0, wato alamar saurin caji, ya ce orijina ce, ya soka maka fitila ta kama, danja ta ba da hannu ka miƙa kuɗi ka wuce. Ramin farko da ka faɗa a titi caji ya ɗauke, ya dawo, ya sake ɗaukewa, waya tana ta ƙara kamar mai kuka.

Idan ka koma, ba zai musa maka ba. Cewa zai yi "ai Alhaji soket ɗinka ne ya mutu", ya nuna maka wani mai wayarin can gefe, kuma wallahi bakinsu ɗaya. Shi kuma ya buɗe dashbod ya girgiza kai ya ce sai an sake wayarin gaba ɗaya, ya yanka maka dubbai a kan aikin da babu shi.

Alhali yawanci laifin cajar ne. Ƙarafunan gefenta guda biyu su ne ke riƙe ta a ramin, na jabu laushi gare su, sifirin ɗin tsinin ma ba ƙarfi, shi ya sa take rawa. Kafin ka ba kowa ko sisi ka gwada ta a motar wani, sannan ka canza kebul, don sau da yawa shi ne ya karye ta ciki. Ka kashe mota ka haska ramin, in akwai toka ko datti ka share da tsinken sakace, ban da ƙarfe, don wasu motocin wuta na nan ko an zare makulli.

In kuma ba wuta a ramin kwata-kwata to yawanci fiyus ne ya ƙone, abin da bai kai kuɗin kwanon abinci ba. Ja 10A ne, shuɗi 15A, rawaya 20A, lambar na jikinsa, irin wanda ka cire za ka saka. Abin da ya fi ba ni haushi, wasu masu wayarin ɗin sai su naɗa silin waya ko takardar sigari a madadin fiyus su ce an gyara. Ranar da aka samu shot, wato wayoyin wuta suka haɗu, babu abin da zai yanke wuta, wayarin ne zai narke.

Direbobin tirela da manyan motoci ku duba jikin cajar ko an rubuta 12-24V, don wutar yawancin motocinku 24V ce, ta 12V kaɗai ƙonewa za ta yi, wani lokacin har ta tafi da wayarka. Kuma ku saya a shagon da gobe za ku iya komawa ku tarar da mai shi.