Tsohuwar askar Wade & Butcher, bayan wata uku a hannuna

Kakana wanzami ne. Da ya rasu zabirarsa ta faɗo a rabona, da ƙahoni biyu da asake huɗu ƙirar maƙeran gida, kuma tun daga nan son tara tsofaffin asake ya shige ni. Yanzu ina da goma sha ɗaya. Ta baya-bayan nan ita ce Wade & Butcher, ƙirar birnin Sheffield na Ingila, wadda na saya ta intanet a hannun wani dillalin tsofaffin kaya a kan fam 90, ban da kuɗin aike. Mako biyar ta yi a hanya.

Ina buɗe kwalin, wuyanta na fara dubawa, inda ake buga hatimi. Sunan kamfanin ne da na garin, babu sunan ƙasa. Wannan ya faranta mini rai, domin dokar harajin McKinley da Amurka ta yi a 1890 ta wajabta rubuta ƙasar da aka ƙera kaya kafin a shigar da su can, kuma daga 1891 maƙeran Sheffield suka riƙa ƙara sunan Ingila. Shi ya sa masu tara asake ke ɗaukar irin tawa a matsayin wadda ta girmi wannan shekarar. Alama ce mai ƙarfi, amma kada a biya kuɗi mai yawa saboda ita kaɗai.

Faɗin ruwanta 7/8 na inci ne, kuma ba a rarake gefunanta ba. Ƙarfe ne curarre tun daga baya har baki, tana da nauyi a tafin hannu. Asake biyu da nake da su na Solingen ta Jamus sirara ne, suna ƙara in suna cin gashi. Wannan kuwa shiru take aikinta.

Dillalin bai kyauta mini ba a wuri ɗaya. Ƙotar ta baƙin ƙaho ce, kuma akwai tsaga kusa da ƙusar da ruwan ke juyawa a kai, ga ramuka uku na cin ƙwaro. Hotunansa duk sun kauce wa wannan gefen. Na ji zafin abin, na rubuta masa, ya maido mini fam 15. Duk da haka na fi son ƙaho da tsagarsa a kan ƙotar seluloyid, robar nan ta da, wadda in ta fara ruɓewa take fitar da iskar da ke cinye ƙarfe. Na taɓa asarar aska guda ta haka, tsatsa ta bi ruwanta daidai inda ƙotar ke rufewa.

A dakushe ta zo. Na kai wa wani dattijon wanzami, aminin mahaifina, ya ɗora bakinta a farcen babban yatsansa, ya ja a hankali, ya ɗaga ta wajen haske yana neman giɓi. Ya ce, "Ɗana, ƙarfen nan mai kyau ne, amma sai ka yi masa haƙuri." Na ce, "To, Baba." Gaskiyarsa. Tunda gefenta a cike yake, ƙarfe mai yawa ne ke kwanciya a kan dutse, washin ba ya sauri. Yamma biyu na yi a kan dutsen Beljiyam mai ruwan ɗorawa, na manna salatif a bayanta don kada ya zaizaye, sannan na bi ta da fata sau hamsin.

Ranar Juma'a na gwada ta a gashin kwana uku. Ban danna ba ko kaɗan, nauyinta ne ya yi aikin, kumatu suka fita sumul ba raɗaɗi. Ƙarƙashin hanci ne ta ba ni wuya saboda faɗinta, a nan aska mai faɗin 5/8 na inci ta fi ta daɗin juyawa. Wanda bai taɓa riƙe aska ba, kada ya fara da wannan.

Kuɗin da na biya bai yi ciwo ba. Mai son irinta ya nemi hoton gefe biyu, da na bakin ruwan daga kusa, da na wajen ƙusa. Tsatsa a baya ana iya gogewa, amma in ta huda kusa da kaifi a haƙura, komai girman sunan da ke wuyanta. Bayan kowane aski ina share ta ƙarau, in shafa mata ɗigon man keken ɗinki, musamman da damina. Kuma ba na ba da aronta, ko ga ƙanena, saboda cututtukan da ke bin jini.