Maƙalin igiyar bindiga ya yi lako-lako: me za ka saya a Kumasi?

Sukurun nan mai huda a kai, wanda ake maƙala wa igiyar rataya a ƙotar bindiga, shi ke ɗauke da nauyinta duk tsawon tafiyar daji. In ya fara juyawa ba ya tsayawa, kada a yi masa sakaci, domin bindigar da ta suɓuce daga kafaɗa da harsashi a ciki tana iya tashi. Kafin komai, cire harsashi, ka leƙa ciki ka tabbatar babu komai, sannan ka kwance sukurun ka dubi raminsa. Ramin ne zai gaya maka abin da za ka saya.

Yanayinmu na da hannu a matsalar. Katako na shan laima ya kumbura da damina, hunturu ya zo ya tsotse shi, haƙoran da sukuru ya yanka a ciki su yi ta saki. Ga kuma man bindiga da ke gangarowa ya jiƙa katakon har ya yi laushi. In ka sa tsinke a ramin ka ga gari baƙi mai maiƙo na fitowa, sai an wanke wurin da asiton, sinadarin da ke cire maiƙo, ya bushe, in ba haka ba babu gam ɗin da zai kama.

Mafi araha shi ne tsinken sakace da farin gam na kafinta. A cusa tsinke biyu ko uku da gam, a yanke su daidai da baki, a mayar da sukuru. Yana yi in ramin ɗan saki kawai ya yi, kuma a gindin ƙota inda katako ke da kauri. Gam mai saurin kamawa da ake sayarwa a tebur a kasuwar Kejetia kuwa ban ba da shawararsa ba. Yana bushewa ya yi ƙaras, jijjigar harbi ta farfasa shi. Haka ma sauya sukuru da wanda ya fi shi kauri, wannan hanya ce ta tsaga ƙota.

In ramin ya cinye sosai, zaɓi biyu ne. Na farko gam mai haɗi biyu, irin su Araldite ko J-B Weld. Ka duba kwalin, ka ɗauki mai jinkirin bushewa, wanda ke son kwana guda, ya fi na minti 5 ƙarfi kuma yana ba ka lokacin daidaita hudar sukurun ta kwanta a gicciye. In kana son wata rana ya kwantu, shafa wa haƙoransa man takalmi marar launi kafin ka sa shi. Na biyu, wanda na fi so, shi ne a faɗaɗa ramin, a dasa guntun katako mai tauri da gam, a sake huda sabon rami wanda bai kai kaurin sukurun ba. Kowane kafinta a Aboabo ko Sokoban zai fere maka shi. Ka ce katakon odum ko na maɗaci kake so. Kada ka karɓi katakon da ake kira wawa, laushinsa ya yi yawa, bayan wata kaɗan ka dawo gidan jiya.

Maƙalin gaba labarinsa daban ne. Katakon da ke ƙarƙashin bututun bindiga siriri ne, sukurun katako ba ya samun abin riƙewa sosai. Nan ka nemi mai noti, wanda ke ratsa katakon a ɗaure shi ta ciki. Na kamfanonin Amurka irin su Uncle Mike's da GrovTec haƙoransu 10-32 ne, awon inci. Notin M5 da za a miƙo maka a Suame Magazine, unguwar makanikai, zai hau, amma da ɗan wasa, don haka ka saye shi da nasa notin. Ɗigon Loctite shuɗi, gam ɗin da ke hana noti kwancewa, a kan notin ya isa; ƙarfe da ƙarfe yake kamawa, ba ya amfani a katako, kuma yana iya lalata ƙotar roba. Bayan an ɗaure, a tabbata ƙarshen sukurun da ya ɓullo ta ciki bai taɓa bututun ba, in ya taɓa a goge shi da zarto. Masu bindiga mai baki ɗaya suna iya hutar da katakon gaba ɗaya, su sayi zoben da ke matse bututu, muddin awonsa ya yi daidai da lambar faɗin bututunta, 12 ko 16.

Aikin nan na katako ne, saboda haka kwance ƙotar ka kai ta ita kaɗai, sauran bindigar ta zauna a gida a kulle tare da lasisinta na ’yan sanda. Lokacin da ake rufe farauta a Ghana, daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba, shi ya fi dacewa da gyaran, gam ya bushe a tsanake. Kafin ka shiga daji, rataya ta babu harsashi, ka fizgi igiyar da ƙarfi a kan katifa ka ga ko maƙalin ya motsa.